Madarar gwangwani, bitamin C da zinc: abin da na gani bayan tiyatar haƙori

Abubuwa uku na saya saboda tiyatar cire turmina na ƙarshe, wanda ya fito a karkace ya tokare na gabansa: gwangwanin garin madara mai gina jiki irin wanda ake ba marasa lafiya, bitamin C mai narkewa a ruwa, da ƙwayoyin zinc. A kemis na saye su duka, kuma sai da na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin na biya. Yanzu da dasashina ya haɗe, zan iya cewa ɗaya ne kawai ya ci kuɗinsa.

Kafin aikin, abin da likita ta fi damuwa da shi shi ne abin da zan daina sha. Ta ce: "Malama, me kike sha kullum, ko da ba ki ɗauke shi magani ba?" Na ce man kifi da ƙwayar tafarnuwa. Ta ce in ajiye su. Man kifi, bitamin E, ginkgo (ƙwayar da ake yi da ganyen wata bishiya) da tafarnuwar ƙwaya suna iya sa jini ya yi jinkirin daskarewa, shi ya sa likitoci da yawa ke so a dakatar da su kamar mako 2 kafin tiyata. Tafarnuwar miya ba ta cikin wannan lissafi. Wannan tambaya ta tsaya mini a rai, domin mu nan mutum zai yi ta shan haɗe-haɗen ƙarin lafiya safe da yamma, in an tambaye shi ko yana shan magani ya ce a'a, kuma tsakaninsa da Allah yake faɗa. Wanda kuwa likita ya ɗora a kan aspirin ko warfarin, magungunan da ke hana jini daskarewa, kada ya daina da kansa, ya faɗa wa mai aikin tun da wuri.

Madarar ce ta yi mini rana. Bayan an yanka dasashi an ɗinke, muƙamuƙina ya ƙi buɗewa sosai, kumburi kuma ya fi tsanani a rana ta biyu zuwa ta uku, kamar yadda aka gaya mini tun farko. Tuwo ba ya ciwuwa, balle nama. Ga amoxicillin da metronidazole da ibuprofen suna jira, kuma ibuprofen ba ya son cikin da babu komai. A wannan hali, damar da zan zuba gari a ruwa mai sanyi in kaɗa in sha ba tare da na tauna komai ba ta fi ƙarfin in raina ta. Kofi ɗaya, bisa rubutun jikin gwangwanin, yana da furotin kusan giram 9, ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6. Furotin shi ne abin da jiki ke gina sabon nama da shi, kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a abincin mai ciwon baki, wanda yawanci koko da shayi ne.

Da kofi ko cokali ake sha, ba a zuƙa da tsinke. Gudan jinin da ya toshe ramin haƙorin shi ne murfin ciwon, zuƙa tana iya fizge shi, ƙashi ya fito fili, mutum ya shiga azabar da ke harbawa har kunne. Taba ma haka take yi.

Madarar tana da zaƙi da yawa, tana barin danƙo a baki, kuma a awa 24 na farko ba a kurkure baki. Bayan nan ne na fara kurkurewa a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Mai ciwon suga ya tambayi likitansa kafin ya saya. Ga kuma tsada: ƙaramin gwangwani ya fi kuɗin kiret ɗin ƙwai. Da bakina ya fara buɗewa, kunun gyaɗa da aka tace aka zuba wa madara, da kindirmo, da alale mai laushi, da dafaffen ƙwai da aka murƙushe sun karɓi aikin, kuma sun fi riƙe mini ciki. Fura ce na haƙura da ita, saboda yajinta da tsakin da ke iya maƙalewa a ramin.

Bitamin C kuwa, amfaninsa ga ciwo gaskiya ne, domin jiki ba ya iya haɗa kolajin, zaren da ke ɗinke nama, sai da shi. Sai dai buƙatar babbar mace a rana miligiram 75 ce, namiji 90, ƙwayar da na saya kuwa 1,000 ce. Abin da ya yi yawa fitsari yake bi, in ya haura 2,000 kuma yana iya sa gudawa. Tsaminsa ya riƙa yi mini zafi a wurin ɗinkin sai na ƙara masa ruwa sosai. Ban ga wani saurin warkewa da zan jingina masa ba. Gwaiba ta fi lemo bitamin C nesa ba kusa ba, in an markaɗa an tace 'ya'yan sarai ta isa.

Zinc bai karɓe ni ba. Tashin zuciya ya riƙa sa ni, abin da aka san shi da shi in ciki ba shi da nauyi, kuma amai shi ne abu na ƙarshe da mai ɗinki a baki yake so. Da na faɗa wa likita ta ce in bari. Buƙatarsa a rana miligiram 8 ce ga mace, 11 ga namiji, iyakarsa 40, kuma yana hana magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da tetracycline shiga jiki yadda ya kamata in an sha su tare.

Ƙanwata tana da irin wannan aiki a gaba. Na ce ta sayi ƙaramin gwangwani ɗaya na madarar, ta tanadi gyaɗa da ƙwai, ta kwashi duk kwalaben da take sha ta nuna wa likita ranar da za a sa mata rana.