Wace ciyawa za ka saya idan gonarka ta yi gishiri?

Duk mai noman rani ya san alamar: ruwa ya janye, ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, masara ta tsaya iya gwiwa. Irin wannan fili ciyawar dabbobi ce maganinsa, amma ba kowace ba.

Gamba da ciyawar giwa kada ma ka ɓata kuɗinka, ba sa shiri da gishiri. Jema tana jurewa, sai dai da ta tsufa shanu sun juya mata baya. Kiri-kiri ma jaruma ce, kuma kyauta ce a bakin rafi, amma ranar da ka so mayar da filin gona za ka gane kurenka. Akwai ciyawar kallar da manoman Pakistan ke farfaɗo da ƙasar kanwa da ita. Tana son wurin da ruwa ke kwanciya, samun irinta a nan ne aiki.

Ni dai Rodes nake saya. 'Yar Afirka ce, shuka ɗaya tana kai shekaru, tana yaɗo tana kafa saiwa a gaɓoɓinta har ta rufe farar ƙasar. Gishirin da ta zuƙa ta ganye take fitar da shi. Karanta siriri ne, yana bushewa da wuri, shi ya sa ingiricinta ke kyau. Sai dai ba ta son ruwa ya daɗe kwance a gindinta, kuma tana ƙarama ba ta kai babba juriya ba, don haka a shuka bayan ruwan sama ya ɗan wanke ƙasa. Kada a binne irin da zurfi.

Wajen sayen iri ne ake kuka. Irin Rodes ba nauyi, kamar gashi yake, ido ba ya bambance mai ƙwaya da ƙaiƙayi. Na taɓa sayen buhu guda hannun wani mai daɗin baki, na shuka, na yi ta ban ruwa kusan wata, abin da ya tsiro bai kai a ƙirga ba. Wasu kuma 'yar uwarta ta daji suke karkaɗowa, mai kama da ita sak, wadda ke mutuwa da ɗaukewar damina.

Kafin ka biya, karɓi ɗan tafi. Ƙirga ƙwaya 100, zuba a jiƙaƙƙen buhun algarara, ajiye a inuwa, riƙa yayyafa ruwa mako 2, sannan ka ƙirga waɗanda suka tsiro. Tambayi sunan nau'in, Katambora ce ko Callide, da shekarar girbi. In mai sayarwa ya fara kame-kame, ko ya hana ka ɗan tafin, kama hanyar Shika kusa da Zariya ka tambayi ma'aikatan NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, inda ake samun na gaske.