Sharhina kan suzafon na fibir da muka sayo wa fanfar ɗinmu a Tahoua

In wani mai fanfar ya tambaye ni yau ko ya sayi suzafon na fibir, abin nan mai kama da roba marar nauyi, ko ya jira ya tara kuɗin na tagulla, zan ce masa ya sayi na fibir ɗin kawai, musamman in waɗanda za su ɗauka 'yan lise ne ba sojoji ba. Namu mun fara aiki da shi tun cikin sanyi, mun ƙetare zafin Afrilu da Mayu da shi har damina ta faɗi, don haka na ga amfaninsa na kuma ga inda yake ba mutum haushi.

Wanda bai san shi ba, shi ne ƙaton abin busan nan da ke naɗe mutum, ka shiga cikinsa ya zauna maka a kafaɗar hagu, faffaɗan bakinsa na bisa kanka yana kallon gaba. A Amurka aka fara ƙera shi a shekarun 1890, kamfanin J.W. Pepper na Filadelfiya ya yi shi saboda John Philip Sousa, shahararren shugaban 'yan badujala. Na farkon ma bakinsa sama yake kallo, daga baya aka juyo da shi gaba don muryar ta riƙa tafiya wajen jama'a. Duk wannan gurnanin da kake ji a ƙasan kiɗa ranar defilen 18 ga Disamba, wanda ke shigar maka ƙirji tun ba ka hango 'yan fanfar ba, aikinsa ne shi da babbar ganga. Ni dai tun bukin Tahoua Sakola na 2017 abin ya shiga raina.

Maganar nauyi ita ce ta sa muka saye shi. Muna da tsoho na tagulla wanda muka gada, irinsu yawanci kilo 13 zuwa 16 suke yi, wasu ma sun fi haka, kuma nauyin duka wuri ɗaya yake sauka, tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Yaron da ke ɗaukarsa in muka gama repetisiyo sai ka ga wurin ya yi ja ya kumbura, yana tafiya a karkace, har mahaifiyarsa ta aiko cewa in ba za a canza masa ba to ya bari. Gaskiyarta ne wallahi. Wannan sabon da ya iso mun kai shi wajen wani mai sayar da albasa muka ɗora a sikelinsa, kilo 8 da 'yan kai, kusan rabi ke nan. Tun wajajen 1960 aka fara yin na fibir ɗin kuma saboda wannan matsalar aka yi shi, jikin da bakin duk fibir ne, fisto ukun da ake dannawa da yatsa don canza murya da ƙananan bututun da ke kusa da su kaɗai ne ƙarfe. Yanzu yaron nan yana yin doguwar tafiya da shi bai nemi a karɓe shi ba, har wata ƙanwarmu da ke busa tarampet ta gwada ta zagaye fili da shi tana dariya.

Abu na biyu da ban yi tsammani ba shi ne zafi. Kun san ranar Tahoua, watan Afrilu ma'auni na wuce 40, na tagulla in ya sha rana ana jiran manya su iso a fara, to ba ya taɓuwa, yana ƙona wuya ta cikin riga. Na fibir fari ne, ɗumi kawai yake yi. Wannan kaɗai ya isa dalili a garinmu. Ɗan ƙaramin bakin busan da ake sa wa leɓe dai ƙarfe ne har yanzu, don haka a aljihu muke sa shi sai lokaci ya yi.

To sai murya, nan ne ake gardama. Ba zan ɓoye ba, bai kai na tagulla kauri ba. In ka tsaya kusa za ka ji muryar ta ɗan bushe, ba ta da wannan nauyin da ke cika wuri, in kuma yaro ya matsa masa da ƙarfi sai ya fara tsagewa. Akwai wani dattijo da ya yi badujalar soja shekara da shekaru yana zuwa yana duba mu, ranar da ya fara jin sa ya girgiza kai ya ce "ɗana, wanga ai bai da ciki". Na ce Baba ku ƙara saurara daga nesa, ya koma can bakin katanga muka busa taken ƙasa, sabon nan da aka canza a 2023, da ya dawo sai ya ce a fili dai ya wadatar amma kar mu yar da tsohon. Haka muka yi kuwa, in wasa na tsaye ne ko cikin zaure na tagulla muke fitarwa mu ɗora a kujera, in tafiya ce na fibir.

Kuma kar wani ya zaci rage nauyi ya sa abin ya zama mai sauƙi. Bututun suzafon in aka warware shi ya kai mita 5 da rabi, na tarampet bai wuce mita 1 da rabi ba, duk wannan tsawon kai za ka cika da iskar ƙirjinka kana tafiya kana ƙirga taku, kuma ba ka da damar yin shiru don da ka tsaya kowa zai ji ƙasan kiɗan ya zube. Masu algaita suna da dabararsu ta cika kumatu su ja numfashi ta hanci busa ba ta yanke ba, nan kuwa abin na shan iska da yawa, dole ka san gurbin da za ka saci numfashi tsakanin bugu da bugu. Ga iskar hunturu, faɗin bakin ya kai santimita 66, in ta taso daga gabas ta shiga ciki sai ta juya ka gaba ɗaya, kuma a nan rashin nauyin na fibir ya zama illa don ya fi saurin kaɗuwa, yaro na busa da hannun dama yana danna fisto, hagu na riƙe da abin kar ya zame. Baba kullum yana ce masa "kak ka ɗaga kahwaɗa, bari shi zamna bisa gare ka", don mai ɗaga kafaɗa wuyansa ne ke biya.

Mu a fanfar ɗinmu kullum ana musu wa ya fi shan wuya. Mai babbar ganga yana cewa shi ne, kuma ina tausaya masa sosai don nauyin a gabansa yake yana jan ƙugu, ba ya ganin inda yake taka ƙafa, in hanya ta bar kwalta ta shiga rairayi ko dutsi irin namu na Adar sai Allah. Mai sambal kowa na raina shi, amma ka riƙe faranti biyu na tagulla a sama tsawon defile ka ji yadda damtse ke yi. Mai torombon shi matsalarsa ƙura da cunkoso, bututun da yake zarewa yana mayarwa na da matsayi 7 ba alama ko ɗaya, kunne da hannu ne kawai, in na gabansa ya tsaya ba zato ya lanƙwasa masa shi ke nan. 'Yan kilarinet ɗaukar ba komai amma hunturu na busar musu da ɗan karan bakin har ya tsage. Duk da haka in aka haɗa ɗauka da busa wuri ɗaya ni a wurina suzafon ne gaba, ganga na bi masa, don mai ganga aƙalla yana numfashi yadda ya so.

Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda ya iso. Na hannu ne, wani ɗan'uwanmu ya samo a Faransa ya turo Yamai, daga can aka sako shi a motar fasinja, sama da kilomita 500 ta Doso da Dogonduci da Birnin Ƙonni, ba shi da akwati sai kwali, aka danne shi da buhuna. Da muka buɗe akwai tsaga kamar tsawon yatsa daidai wuyan da bakin ke shiga, wurin sukurori ukun nan da ke riƙe shi. Na tagulla in ya bugu lotsawa yake yi a buga a miƙe, shi wannan tsagewa yake yi. Wani mai gyaran jikin mota ya goge wurin ya shafa gam mai haɗi biyu ya ɗora ƙyallen fibir ya bari ya kwana, har yanzu bai motsa ba, sai dai tabon na nan rawaya a kan farin.

Fisto kuma ƙura ce abokiyar gabarsu, lokacin hunturu in ba a goge an ɗiga mai kafin kowace repetisiyo ba na biyun sai ya maƙale a ƙasa ana tsakiyar kiɗa. Don Allah kar a sa man moto ko man gyaɗa, na ga inda aka yi haka abin ya daskare, man fisto na ainihi ruwa-ruwa ne, mu daga Yamai ake kawo mana. Wankin ciki da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, ba tafasasshe ba.

Wanda zai saya na hannu ya tabbatar an haɗo masa da ɗan lanƙwasasshen wuyan da ƙananan gaɓoɓi biyun da ke kawo bakin busa daidai leɓe, su ne suka fi ɓata kuma in babu su abin ba ya busuwa, samunsu a nan aiki ne. Ya sa a ɗauko masa bidiyo ana danna fisto ɗaya bayan ɗaya ya ga suna dawowa da kansu, a haska masa wuyan bakin da kyau. Gammon kafaɗa kuwa ba sai an sayo daga waje ba, telan unguwarmu ya ɗinka mana da soson katifa da yadin kaki ya sa masa igiya biyu, jaka ɗaya da rabi muka ba shi, yanzu ma jakar da za mu riƙa sa bakin a ciki yake ɗinka mana kafin defilen 3 ga Agusta.