Bas ta kai ni Kawo kyauta, daga Mando zuwa filin jirgi na ji a jikina

Ranar wata Talata Umma ta tashe ni da aike tun ban karya ba. Yayata za ta bi jirgin rana zuwa Legas, ga shi an manta ba a ba ta ƙullin kuka da daddawa da kilishin da za ta kai wa 'yarta ba. Ita tana Barnawa, mu muna Rigachikun. Da na kira ta sai ta ce ba za ta biyo ba, in same ta a filin jirgi kafin ƙarfe 12. Ni kuwa ba mota gare ni ba. Sai na ce to, yau zan ga iya inda bas ɗin gwamnati za ta kai mai niyyar zuwa filin jirgi.

Ina nufin dogayen motocin nan masu amfani da iskar gas, guda 100, waɗanda Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da ya zo Kaduna a watan Yunin 2025, suka fara ɗaukar mutane kyauta a watan Yuli. Mu 'yan bakin gari mun fi kowa sanin darajarsu. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, mutumin Rigachikun ko Rigasa ko Maraban Rido sai ya yi lissafi kafin ya ce zai shiga gari gaisuwa. Akwai makoki da suna da na aika haƙuri ta waya, ba don komai ba sai kuɗin mota.

Na isa wurin tsayawarta tara saura. Na tarar da layi, amma layin da ke watsewa da zarar an hango mota. Ta farko ta zo, samari suka yi mata caa, na tsaya da ƙulli a hannu ina kallo. Wannan laifinmu ne, ba na mota ba. Kwandasta yana ta cewa a bar tsofaffi da mata su fara shiga, wa zai ji? Ta biyu na samu, har da kujera kusa da taga.

A gaskiya motar ta burge ni. Cikinta a share, ƙarar injin ba ta hana ka jin na kusa da kai, kuma ba warin hayaƙin nan da ke bin rigar mutum har gida. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba a tsayawa kowane taku ana kiran fasinja. Wanda ya saba da ƙananan motocin haya ya san yadda direba zai ga mutum tsaye yana sayen rake ya taka birki ko zai shiga. Wannan sai a inda aka ware mata take tsayawa. Wari ɗaya da aka sha a motar daga wajena ya fito. Muna wuce Unguwar Kaji daddawar Umma ta fara sanar da kanta, wani dattijo da ke gefena ya dube ni ya ce, "Malam, miyar ina za a kaɗa da wannan?" Na ce, "Ta Legas, Baba." Ya ce lallai sai ta riga jirgin isa.

Inda ta gaza mini shi ne wurin kaya. An yi ta ne don ma'aikaci da ɗalibi masu jaka ɗaya a kafaɗa. Ni ƙulli ne na ɗora a cinya, amma da akwati ne irin na matafiyi, da safe a cikin wannan cunkoso, da sai na tsaya a kansa.

Na sauka a Kawo, gindin gada, ban ba kowa ko sisi ba. Motar da na shiga cikin gari ta nufa, ni kuwa hanyata yamma ce. Na hau Keke zuwa shataletalen Mando a kan naira 300, wannan ba abin magana ba ne. A Mando ne tafiyar ta canja fuska.

Filin jirgin Kaduna yana wajen gari ne, kimanin kilomita 22 daga tsakiyarsa, a ƙaramar hukumar Igabi. Daga Mando za ka kama hanyar Birnin Gwari ta wajen Afaka, sannan ka karkata ka shiga titin da ba ya zuwa ko'ina sai filin. Wannan karkatar ita ce matsalar. Motocin Buruku da Birnin Gwari wucewa suke yi, sai dai su ajiye ka a mararraba ka ƙarasa yadda Allah ya yi da kai. Ni kuma agogo na kallo. Dole na nemi shata.

Mai tasin ya ce naira 8,000. Na ce, "Haba Malam, Zariya na ce maka?" Ya ce in zai dawo wa zai ɗauko? Sannan ya ƙara da cewa ba kowa ke son bin hanyar ba. Na san abin da yake nufi. A yankin ne aka kwashe ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, kuma a Maris na 2022 'yan bindiga suka kai hari filin jirgin kansa, kwana biyu kafin harin jirgin ƙasan Abuja. Amma abubuwa sun lafa, musamman tun sulhun Birnin Gwari na ƙarshen 2024, kuma ga motoci nan suna ta wucewa a gabanmu muna ciniki. Tsoron ya ragu, kuɗin da aka ɗora a kansa ne bai sauko ba. Maganarsa ta farko dai gaskiya ce, fanko zai dawo, kuma ni zan biya man dawowar. Mun daidaita a 5,500.

A mararrabar muka ga wani bawan Allah cikin kayan aiki yana ɗaga hannu. Na ce a tsaya. Shara da goge-goge yake yi a filin, daga Hayin Banki yake zuwa kullum. Ya ce haka yake tsayawa har wani ya rage masa hanya, ranar da ba a dace ba ya taka. Shi ya sa nake mamakin masu cewa bas zuwa filin jirgi ɓarnar kuɗin talakawa ce, wai mai kuɗin tikiti ba ya rasa kuɗin tasi. Ai ba matafiya kaɗai ke zuwa can ba. Akwai masu shara, masu gadi, masu dakon kaya, masu sayar da abinci, da irina 'yan aike. Lokacin aikin Hajji kuma, ga sansanin alhazai nan a Mando, duk wanda ya taɓa rakiya ko tarya ya san yadda dangi ke cika hanyar.

Kuma ba a ce ba a taɓa yi ba. Da aka rufe filin jirgin Abuja ranar 8 ga Maris 2017 na tsawon mako shida don gyaran titin saukar jirage, nan aka karkato da su, gwamnatin tarayya ta zuba motocin bas suna kai fasinjoji Abuja kyauta da rakiyar jami'an tsaro. Tafiyar kusan kilomita 200 ke nan. Na yarda, wancan lokacin filin a cike yake, yanzu kuwa jiragen da ke sauka a wuni ba su da yawa, ba mai hankalin da zai ce a riƙa tura doguwar mota fanko kowane rabin awa. Abin da nake gani shi ne layi ɗaya daga Kawo ta Mando zuwa Afaka, wanda dama akwai jama'a, sai sau uku ko huɗu a rana ta ƙarasa har ƙofar filin: da sassafe, da lokacin jirgi, da lokacin tashi aiki. A cire kujeru biyu a baya don akwatuna. Ko an sa kuɗi ni zan biya.

Na samu Yaya saura kaɗan ta shiga. Ta karɓi ƙullin, ta sinsina, ta sa aka ƙara masa leda biyu. Direbanta ya sauke ni a Mando, na koma Kawo na sake hawa bas ɗin, wannan karon da rana, kujeru har da zaɓi.

Da na faɗa wa Umma abin da na kashe sai ta yi shiru tana ƙirga da yatsu. Ta ce kukar da daddawar gaba ɗaya ba su kai kuɗin tasin ba, gobe in an sake mantuwa a kai tasha a ba direban Legas.