Kowa ya sayi tikitinsa, ko a danƙa wa kamfanin shirya tafiye-tafiye?

Malam, ka tambaya wanne ya fi wa kamfaninku: kowane ma'aikaci ya sayi tikitin jirgi ya kama otal da kansa, daga baya a biya shi, ko a ƙulla yarjejeniya da masu shirya wa kamfanoni tafiye-tafiye.

Ta farko ba ta da wuya. Babu ladan wakili, kuma mutum kan dace da tikiti mai rahusa a intanet. In tafiyarku ba ta da yawa a shekara, ta ishe ku. Sai dai ma'aikaci ne ke shan wahalarta: ya zuba kuɗin aljihunsa, ya yi ta adana rasit, sannan ya zauna jiran ofishin kuɗi. Ƙaramin ma'aikaci ya koma mai ba kamfani rance ba tare da an nemi yardarsa ba, kuma ni wannan ba na ganin adalci a cikinsa.

Ta biyu akwai kuɗin hidima, wani lokaci ma farashin wakili ya ɗara na intanet. To me aka saya? Rangwame daga otal da kamfanonin jirage saboda yawan ciniki, da bin sawun tikitin da aka fasa tafiya da shi don kada kuɗin ya salwanta. Amma babban abin shi ne sanin inda mutanenka suke ranar da abu ya ɓaci. A Afrilun 2010 tokar dutse mai aman wuta na ƙasar Iceland ta sa an rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan mako guda. A Maris ɗin 2020 kuma korona ta sa ƙasashe suka yi ta rufe iyakokinsu. Kamfanin da bayanansa ke wuri ɗaya, da ya duba kwamfuta zai ga wa ya maƙale a ina. Wanda kowa ya yi gaban kansa kuwa, sai bin mutane a waya ɗaya bayan ɗaya. Har ƙa'ida hukumar ISO, mai tsara ƙa'idojin aiki na duniya, ta fitar kan wannan nauyi na kula da tsaron ma'aikaci a tafiya a 2021, mai lamba 31030.

Bayan korona an rage tafiyar da taron bidiyo zai iya maye gurbinta, wadda ta rage kuma ana sa mata ido sosai. Manyan kamfanoni har hayaƙin da jiragen ma'aikatansu suka fitar suke lissafawa. Shi ya sa manhajoji irin su SAP Concur da Navan suka samu kasuwa: ma'aikaci ya zaɓi jirginsa da kansa cikin iyakar da aka gindaya, katin kamfani ya biya.

In kuna tura mutane ƙetare a kai a kai, Malam, ku ɗauki ta biyu, kuma ku tabbatar wakilin yana ɗaga waya dare da rana kafin ku sa hannu.