Prednisolone 5mg: maganin ya yi, mai kemis ɗin ne matsala

Duk wanda asma ke kayarwa idan hunturu ya sauko Katsina da ƙurarsa ya san wannan 'yar farar ƙwayar, kuma ni dai na yaba mata. Ƙwaya 8 a tashi ɗaya, wato 40mg, bayan karin kumallo, tsawon kwana 5 yadda likita ya rubuta, kafin su cika kukan ƙirji ya lafa. Ba ta buɗe numfashi nan take kamar salbutamol na shaƙa, sai ta ɗauki sa'o'i. Kwaikwayon cortisol take yi, sinadarin da wasu 'yan halittu a saman ƙoda ke fitarwa, sai ta lallashi garkuwar jiki, kumburin hanyoyin iska da majina su ragu. Da safe jiki ke fitar da nasa, shi ya sa ake sha a lokacin. Wanda ya bari sai dare, barci na iya gagararsa.

Amma inda na saya, sai dai a ce Allah ya shirya. Yaron shagon da almakashi ya yanko min, ya ƙulle a leda, ba kwali, ba takarda, ko ranar lalacewa ba a gani. Ina tsaye wata dattijuwa mai ciwon gwiwa ta shigo karɓar "na kullum", ya haɗa mata dexamethasone (dexa, 'yar'uwar prednisolone ce mai ƙarfi) da diclofenac, maganin rage raɗaɗi, har da "Hajiya, jiki ya yi kyau". Kumatu sun cika tam, ƙafafu kuwa sun tsumure! Wannan ba ƙiba ba ce, aikin dexa ne, irin na 'yan sha-ka-fashe. 0.75mg nata kacal daidai yake da 5mg na prednisolone. Haɗa ta da diclofenac kuwa neman gyambon ciki ne da zubar jini, ga suga da hawan jini na tashi, ƙashi na zaizayewa.

Abin da ya fi ɓata min rai, bai gaya mata cewa wanda ya haura mako 3 yana shan dexa ko prednisolone ba ya dainawa kwatsam ba. Halittun nan na saman ƙoda sun riga sun yi kwance, in aka yanke sai amai, jiri, jini ya faɗi, har suma. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan.

Maganin zan sake saya in an rubuta min, amma a kwalinsa mai lambar NAFDAC. Shagon can kam na yafe.