Gid ɗin raƙuman dawa na Kure: kuɗina bai tahi banza ba

Jama'ar Yamai, duk wanda bai taɓa zuwa Kure kallon raƙuman dawa ba to wallahi ya daure ya tahi, kuma in ya tahi kada ya ce zai shiga daji shi kaɗai, ya ɗauki gid, wato ɗan jagora. Kure ɗin nan kilomita 60 ne kawai bisa hanyar Doso, amma sai ka iske mutum an haife shi Yamai har ya yi hurhura bai taɓa ganin raƙumin dawa ba sai a foto ko bisa kwalin wani kaya.

Mu da sassafe munka fita, ni da ƙanena da yaranshi. Da munka isa wurin da gid-gid suke zama bakin hanya sai munka biya kuɗin shiga da na gid, ɗaya ya shigo motarmu gaba. Bazabarme ne, mutumin wurin, Hausarshi garau, kuma tun kafin mu bar kwalta ya gaya muna ƙa'ida: ba oda, ba ihu, ba wanda zai bi dabba da gudu don foto. Direban da munka ɗauko haya daga gari shi ne ya so ya ɓata mini rai, ko'ina sai ya kutsa mota har gindin itace wai don yara su gani da kyau, gid ya ce mishi malam tsaya nan, da ƙafa za mu ƙarasa. Na ji daɗin yadda bai ji kunyar hana shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya san dabbobin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya duba sawu, ya duba kashi, ya duba inda anka tsinke ganye can sama, ya ce mu bi nan, ba mu jima ba sai ga su cikin geza da sabara, uwa da ɗanta da wasu manya, launinsu fari-fari ba kamar waɗanda ake nunawa a tele na Kenya ba. Ya nuna muna wata ta mace ya ce ya santa tun tana ƙarama. Na ce ta yaya, ai duk iri ɗaya ne. Ashe zanen jikin kowane daban yake kamar zanen yatsan mutum, kuma da shi masu bincike suke ƙidaya, da damina ana bin su ana ɗaukar kowane foto gefen dama da gefen hagu, a sa cikin kundi, in anka sake ganin shi baɗi an san shi ne, in an haihu a ƙara sabo, in wani ya ɓace a lura. Gid-gid ɗin da su ake wannan aiki saboda su ne kullum cikin dajin.

Kuma aikin ya yi amfani. A 1996 raƙuman nan 49 kacal sunka rage, alhali da can irinsu tun daga Senegal har tabkin Cadi ake ganin su, farauta da fari da saran daji sunka ƙare su ko'ina sai nan Nijar. Yanzu sun haura 600. Ku tuna kuma dabba ce mai ɗaukar ciki kusan wata 15 ta haifi ɗa guda, to kun ga ba ƙaramin haƙuri anka yi ba. A 2018 ma an kwashi 8 cikin babbar mota anka kai su Gadabeji a jihar Maradi, tahiyar sama da kilomita 800, don kada duka su taru wuri guda wata cuta ko wani bala'i ya share su gaba ɗaya. Wasu kuma an maƙala musu na'urar GPS ana bin yawonsu, da damina suna tudun Kure, da rani su gangara Dallol Bosso wurin gawo, tunda shi gawo da rani yake ganye.

Wani abu da gid bai ɓoye muna ba, kuma na yaba mishi: wurin nan ba gandu ba ne mai shinge, gonakin mutane ne. Raƙuman suna cin wake, suna cin mangwaro a garka, manomi talaka da ya sha wahalar damina ya wayi gari an taɓa mishi amfanin gona dole ranshi ya ɓaci. Shi ya sa ƙungiyoyi suke gina rijiyoyi da ba da ƙaramin bashi a ƙauyukan don mutane su ga ribar zama da su. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne motocin itace da munka riƙa gamuwa da su sun yi lodi har sama sun nufi Yamai. Itacen da muke dahuwa da shi a gidajenmu wani daga dajin da suke kiwo ake saro shi, nan gaskiya jikina ya yi sanyi.

Tun harin watan Agusta 2020 da anka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da direbansu da shugaban gid-gid ɗin kanshi, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu, baƙi sun janye ƙafa, mutanen nan da iyalansu sun shiga wani hali. Don haka in kun tashi zuwa ku fara tambayar jami'an tsaro halin hanya, kada a yi gaggawa. Ku tahi da ruwanku da hula da takalmin da ƙaya ba ta hudawa, ku fita da wuri kafin rana ta yi zafi, kuma in gid ya yi muku aiki mai kyau ku ƙara mishi wani abu bisa kuɗin da anka yanka.