LiDAR ko kyamara don robo biyu masu haɗa taswira?

Ƙanena, ka tambayi abin da za ka ɗora wa robo biyu da za su haɗa taswira ɗaya. Sayi LiDAR biyu kawai, wato na'urar da ke auna tazara da hasken leza, ka bar zancen kyamarar nan mai auna zurfi.

LiDAR ɗina RPLIDAR A1 ne na kamfanin Slamtec. Yana juyawa digiri 360, yana auna tazara har mita 12, kuma duhu ba ya hana shi aiki. Mun taɓa gwaji a wani dogon zaure nan Yamai, ana tsaka da aiki aka ɗauke kuran, mu muna lalubar tocila, su robo ko a jikinsu. Ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, bango na fitowa layi-layi a kan allo, har gutsuren taswirar biyu suka haɗu daidai bakin ƙofa.

Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne nauyin saƙon da za su riƙa aika wa juna. Taswirar LiDAR gida-gida take kamar dara, kowane gida santimita 5: ko da abu, ko babu, ko ba a kai can ba tukuna. Fili mai mita 20 kan 20 gida 160,000 ke nan, bai kai kilobait 200 ba, Wi-Fi na talho ma zai ɗauka. A ROS, tsarin manhajojin robo, ka sa manhajar slam_toolbox kan kowane robo ta zana taswirarsa, manhajar multirobot_map_merge ta ɗinke taswirorin biyu. Ka tashi robon biyu kusa da juna, ka auna tazararsu da mita, ɗinkin zai fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kyamarar kuwa tana aiki da ORB-SLAM3, manhajar zana taswira da hoto, ban hana ba, amma farin bango ke ɓatar da ita, ga Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar robon, na ɗaukar zafi a watan Afrilu. Tawa kyamarar na cikin kwali.

Sai dai LiDAR bai san kujera ba, bai san mutum ba, tazara kaɗai ya sani. Gilashi na ruɗa shi, ranar tsaka ma haka. In malaminku ya dage sai robo ya gane abubuwa, ɗora ƙaramar kyamara mai arha, robon ya gane abin da kansa, ya aika suna da wuri kawai, ban da hoto.

Kuma ka yi hattara da masu talla a WhatsApp. Wasu daga tsohon robon shara suke ciro LiDAR ɗin su ce sabo ne. Kada ka tura ko dala sai an jona shi a gabanka, ka ga ɗigogin sun zagaye allo, ka kuma duba robar da ke juya kan, ko ta saki.